Yadda Ake Ɗora Na'urorin Sauti na Dijital a Kan Agogo Ɗaya

Matsalar takan bayyana ne a ranar da aka ƙara na'ura ta biyu a situdiyo. Muddin saunkad, wato na'urar da take shigar da sauti cikin kwamfuta take kuma fitar da shi, ɗaya ce tal take aiki da kwamfuta, babu wanda yake tuna cewa akwai wani agogo a cikinta, amma da zarar an jona mata wata na'ura ta wayar haske domin a sami ƙarin makirfo takwas, ko aka haɗa ta da miksa ta dijital, sai a fara jin wani siririn ƙas-ƙas yana ratsa murya jefi-jefi, wani lokaci kowane sakan, wani lokaci sai bayan rabin minti. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan waya ko makirfo ko wutar janareta, su yi ta sauye-sauye a banza, alhali kuwa abin da ya faru shi ne na'urorin biyu kowace tana ƙirga lokaci da nata agogon.

Kafin a shiga matakan gyara, ya kamata a san abin da ake nufi da agogo a nan, domin ba wanda yake nuna ƙarfe nawa ba ne. Na'urar da take mayar da sauti lambobi tana auna ƙarfin sautin ne sau dubbai a cikin kowane sakan, sau 44,100 a tsarin faifan CD, sau 48,000 a aikin fim da talabijin, ko sau 96,000 ga masu son fiye da haka. Abin da yake gaya mata lokacin da za ta ɗauki kowane awo shi ne wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa da yake cikinta, irin wanda yake cikin agogon hannu, kuma babu duwatsu biyu a duniya da suke kaɗawa daidai wa daida. Bambancin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake lissafa shi da kashi kaza cikin miliyan. Sai dai idan na'ura mai turawa ta fi mai karɓa sauri da kashi 20 kacal cikin miliyan, a saurin 48,000 za ta riƙa turo rarar awo kusan ɗaya a kowane sakan, mai karɓar kuwa ba ta da inda za ta sa shi, don haka sai ta jefar da shi. Idan mai turawar ce ta fi nawa, sai mai karɓar ta maimaita wanda ya gabata ko ta bar gurbi. Wannan yankewar ita ce kunne yake ji a matsayin ƙas. Ƙa'idar AES11, wadda ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fitar domin wannan batu, ta yarda agogon daraja ta ɗaya ya kauce da kashi 1 cikin miliyan, na daraja ta biyu kuma da kashi 10, yayin da ƙa'idar kayan gida masu amfani da S/PDIF, wata hanyar tura sauti ta dijital tsakanin na'urori, ta bar ƙofa har zuwa kashi 1,000. Ko agogo biyu na daraja ta ɗaya aka bari kowane yana gashin kansa, ba jima ba daɗe za su saɓa, illa dai tazarar ƙas ɗin ce za ta yi tsawo. Saboda haka maganin ba sayen agogo mai kyau ba ne, maganin shi ne a bar guda ɗaya ya yi jagoranci, sauran duka su ajiye nasu su bi shi, tun da ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Zana taswirar kayanka tukuna

Ka ɗauki takarda ka zana kowace na'ura da take da alaƙar dijital da wata, ka ja layi tsakaninsu, ka sa kan kibiya mai nuna inda sautin yake tafiya, sannan ka rubuta irin wayar a jikin layin. Na'urorin da aka haɗa da wayar analog kawai, kamar lasifika ko fiyano da aka jona da wayar jak, ba su shiga wannan lissafi ba, domin sautin analog ba ya ɗauke da agogo kuma ba ya buƙatarsa. A gefen kowace na'ura ka rubuta abubuwa biyu da za ka samo daga littafinta: saurin awon da take iya yi, da kuma kafofin da take iya karɓar agogo ta cikinsu. Wannan na biyun shi ne yake yanke hukunci a mafi yawan lokuta, domin akwai na'urorin da ba su iya bin kowa ko kaɗan, kamar na'urar kunna CD ta gida, akwai kuma waɗanda suke da kafar fitar da agogo amma ba su da ta karɓa. Saunkad ɗin Scarlett 18i20 ta kamfanin Focusrite misali ce ta wannan: tana da kafar BNC ta fitar da agogo a bayanta, amma idan ita za ta bi wata na'ura sai dai ta hanyar wayar haske ta ADAT ko ta S/PDIF.

Bayan taswira sai a tsayar da saurin awo guda ɗaya ga kowa. Idan aikin zai ƙare a kan hoto, ko fim ne ko bidiyon waƙa ko shirin talabijin, 48,000 ne ya dace, domin shi ne abin da kyamarori da manhajojin tace hoto suke aiki da shi, kuma a tsarin hoto 25 a sakan da ake bi a Najeriya da Nijar da Turai yana rabuwa cif, awo 1,920 ga kowane hoto. Wanda yake sha'awar 96,000 ya tuna cewa wayar ADAT, wadda kamfanin Alesis ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990, layi takwas take ɗauka a 44,100 ko 48,000, amma a 96,000 sai ta koma layi huɗu, wasu na'urorin ma, irin su ADA8200 ta Behringer mai ba da ƙarin kafofin makirfo takwas, ba sa wuce 48,000 sam.

Wa zai yi jagoranci

A nan ne ake yawan gardama, don haka zan faɗi abin da na gamsu da shi. Akwai wata cuta ta biyu da take damun agogo bayan saɓanin sauri, wato kyarma: bugun yana zuwa adadin da ya kamata a cikin sakan, amma kowane bugu yana ɗan riga lokacinsa ko ya ɗan makara da wani abu da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Kyarma ba ta ɓata lambobi idan daga na'ura zuwa na'ura ake tura su, muddin dai mai karɓa tana iya karanta su. Inda take yin ɓarna shi ne wurare biyu, lokacin da ake mayar da sauti lambobi da lokacin da ake mayar da lambobi sauti, kuma na farkon ya fi muni, domin abin da aka auna a karkace ya shiga faifai ke nan har abada. Na'urar da take bin agogon waje kuwa dole ta yi amfani da wata da'ira da ake kira PLL, wadda take sauraron bugun da yake shigowa tana daidaita nata da shi, kuma a na'urori da yawa wannan bin ba ya kai dutsen cikin gida natsuwa. Abin da wannan yake nufi shi ne, na'urar da take ɗaukar muryar da ta fi muhimmanci, wato wadda makirfon mawaƙi ko mai gabatar da shiri yake shiga cikinta, ita ta fi cancantar a bar ta a kan agogonta ta ja sauran.

Wannan ne ya sa ba na ba mai ƙaramin situdiyo shawarar ya kashe kuɗi a kan agogo na musamman irin Big Ben na Apogee ko na Antelope ko Mutec da sunan wai zai ƙara wa sautinsa daɗi. Waɗannan na'urori suna da aikinsu, kuma suna yin sa da kyau: idan kayan da za a haɗa sun kai biyar ko shida, ko ana son sauti ya tafi tare da hoto a gidan talabijin, samun akwati ɗaya mai kafofin fita da yawa yana sauƙaƙa rayuwa ƙwarai. Amma ga mai na'ura biyu ko uku, kuɗin ya fi amfani a makirfo ko gyaran ɗakin ɗauka.

Akwai abu biyu da suke iya ture wannan ƙa'ida. Idan a cikin kayan akwai wadda ba ta iya bi, to ko dai ita ce za ta yi jagoranci dole, ko a bi da ita ta hanyar da zan bayyana a gaba. Sannan idan kana yawan sauya saurin awo daga aiki zuwa aiki, ya fi sauƙi saunkad ɗin da take jone da kwamfuta ta zama jagora, domin ita ce manhajar ɗauka take iya ba umarni kai tsaye.

Ta wace hanya agogon zai isa ga mabiya

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce agogon ya tafi a cikin wayar da take ɗauke da sautin kanta, domin AES3 da S/PDIF da ADAT duk an tsara su ne yadda mai karɓa za ta iya tsamo bugun daga cikin lambobin da suke shigowa. AES3, wadda aka fitar a 1985, tana tafiya a waya mai om 110 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga lantarki) da kan XLR irin na makirfo, tana kuma iya kai mita 100. S/PDIF ta Sony da Philips tana bin waya mai om 75 da kan RCA ko wayar haske, ADAT kuma wayar haske ce zalla, waɗannan biyun kuwa bai kamata a ja su fiye da 'yan mitoci ba, goma ma an kai maƙura. Hanya ta biyu ita ce waya ta daban wadda ba ta ɗauke da komai sai bugun agogo, mai kan BNC da ake murɗawa ya kulle, wadda a bayan na'ura za ka ga an rubuta mata Word Clock.

Bari mu ɗauki haɗin da ya fi yawa a ƙananan situdiyo, wato Scarlett 18i20 da ADA8200. Sautin yana fita daga ADA8200 ne ya shiga Scarlett ta wayar haske guda ɗaya. Idan wannan wayar kaɗai gare ka, zaɓi ɗaya ne ya rage, domin agogon da yake cikin waya yana bin inda sauti ya nufa ne, ba ya komawa baya: sai ka tura maɓallin bayan ADA8200 zuwa 48 a ɓangaren jagora, ka shiga manhajar Focusrite ka mayar da tushen agogo daga Internal, wato agogon cikin Scarlett, zuwa ADAT. Wannan yana aiki lafiya, amma yana da tarko. Ranar da ka buɗe wani tsohon aiki na 44,100, manhajar za ta nemi saunkad ta sauya, ADA8200 kuwa tana nan a 48,000 domin ba ta san an yi ba. Idan aka yi sa'a sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya a gane da wuri. Idan ba a yi sa'a ba, a wasu haɗe-haɗen sai a ɗauki murya da saurin 48,000 a rubuta mata 44,100 a goshi, in an kai ta wata kwamfutar sai a ji ta yi nauyi ta yi ƙasa da kusan kashi 8 cikin ɗari, kamar kaset ɗin da batirin rediyonsa ya yi sanyi.

Don kauce wa haka, sai ka nemi wayar haske ta biyu ka ja ta daga kafar fitar ADAT ta Scarlett zuwa kafar shigar ADAT ta ADA8200, ko da babu sautin da kake son turawa ta nan, ka bar Scarlett a Internal, ka tura maɓallin ADA8200 zuwa inda aka rubuta ADAT IN. Ko kuma ka ja wayar BNC daga Scarlett zuwa ADA8200, ka tura maɓallin zuwa ɓangaren Word Clock. Duk wadda ka zaɓa a cikin biyun, yanzu kwamfuta ce take faɗin sauri, saunkad ta bi umarninta, ADA8200 kuma ta bi saunkad.

Kuskuren da wayar haske ta biyu take jawowa shi ne a saita kowace ta bi 'yar'uwarta, Scarlett a kan ADAT, ADA8200 ma a kan ADAT IN. A nan babu jagora ko ɗaya, kowace tana jiran ɗayar, sai saurin ya yi ta yawo ko fitilar kamawa ta riƙa ƙiftawa. Gwajin da yake kare mutum daga wannan mai sauƙi ne: ka ɗora yatsa a kan kowace na'ura a taswirarka, ka bi hanyar agogonta da baya, dole ne ka ƙare a kan na'ura guda wadda take Internal. Idan yatsanka ya dawo inda ya taso, akwai zobe a cikin haɗin, idan kuma ka sami biyu a Internal, akwai jagora biyu.

Wayar BNC da toshiyarta

Wannan wuri yana buƙatar natsuwa, domin a nan ne abin da ido yake gani daidai yake zama ba daidai ba. Bugun da yake bin wannan waya hawa da sauka ne kawai, sau ɗaya ga kowane awo, da ƙarfin da bai wuce bolt 5 ba, kuma mai karɓa tana kallon gefen hawan ne ta ƙirga. Wayar dole ta kasance mai om 75, kamar RG-59 ko RG-6. Akwai wata mai om 50, kamar RG-58 ta masu aikin oba-oba, wadda kanta ya yi kama da wannan har yana shiga kafar, don haka sai a karanta rubutun da yake jikin robar wayar kafin a saya. Masu sayar da kyamarorin tsaro sukan ajiye RG-59 da kawunan BNC, kuma idan aka sami mai kyau, mai jan ƙarfe na gaske da saƙa mai kauri, tana wadatarwa a gajeriyar tazara.

Idan bugu ya isa ƙarshen waya bai tarar da abin da zai shanye shi ba, sai ya dawo da baya kamar amsa-kuwwa, ya haɗu da wanda yake tafe ya lalata masa gefe, har mai karɓa ta iya ƙirga bugu ɗaya sau biyu ko ta kasa kamawa. Abin da yake shanye shi shi ne toshiya mai om 75 a ƙarshen layin, guda ɗaya tak. Wasu na'urorin suna da ita a ciki dindindin, wasu suna da maɓallin kunna ta da kashe ta, wasu kuma ba su da ita sai an sa musu ta waje, wadda take kama da ɗan murfin BNC. Littafin na'urar ne zai faɗi wanne ne, kuma a na'urori da yawa ana iya tabbatarwa da mitar masu gyaran rediyo: a kashe na'urar, a auna tsakanin tsinken tsakiya da jikin kafar, idan ta nuna kusan 75 to akwai toshiya a ciki.

Idan mabiyan sun kai biyu ko uku kuma jagora kafar fita ɗaya gare ta, ana sa ɗan mahaɗi mai siffar harafin T a kafar shigar kowace mabiya, waya ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan zuwa ta gaba. A wannan tsari duk na'urorin da suke tsakiya dole a kashe toshiyarsu, ta ƙarshe kaɗai za a kunna wa, ko a ɗaura mata ta waje a hannun T ɗin da ya rage. Idan aka bar biyu a kunne, om 75 biyu da suke raba bugun tsakaninsu suna komawa 37.5, ƙarfin bugun ya faɗi, ta uku kuma ta ƙara kassara shi har wasu su daina gani. Na'urar da toshiyarta ba ta kashuwa sai a ajiye ta a ƙarshen layi, idan kuwa irinta sun kai biyu, to lokacin neman na'urar rarraba agogo ya yi, wadda za ta ba kowace mabiya tata wayar kai tsaye. Akwai kuma masu ja daga kafar fitar wannan zuwa kafar shigar waccan, su sake ja daga waccan zuwa ta gaba. Yana aiki a kan biyu ko uku, sai dai kowace tana iya ƙara ɗan jinkiri da kyarma, kuma idan ta tsakiya ta mutu duk na bayanta sun rasa agogo.

Kunnawa da dubawa

Ka rage lasifika gaba ɗaya ko ka kashe su kafin ka taɓa saitin agogo, domin lokacin da na'ura take sakin wani tushe tana kama wani takan yi ƙara mai ƙarfi da take iya fasa ƙaramar lasifikar sama. Ka kunna jagora tukuna, ka ba ta ɗan lokaci ta zauna, sannan mabiya bi da bi yadda agogon yake isa gare su, lasifika a ƙarshe. A kowace mabiya ka duba fitila ko rubutun da yake nuna ta kama, wanda galibi ake rubuta masa Lock ko Locked, ka kuma tabbatar saurin da take nunawa shi ne na jagora. Saunkad ɗin kamfanin RME suna bambanta abu biyu da ya kamata kowa ya sani ko da ba irinsu yake da su ba: Lock yana nufin akwai sahihin sigina a kafar, Sync kuma yana nufin siginar tana tafiya a kan agogo ɗaya da na'urar. Ana iya samun na farko babu na biyu, kuma a wannan hali ne sauti yake wucewa lafiya lau ga kunnen da bai natsu ba, ƙas ɗin yana ɓuya a ƙarƙashin kiɗa.

Saboda haka kada ka tsaya ga fitila. Ka samar da sauti mai tsayi ɗaya na kaɗawa 1,000 a sakan, wanda manhajar Audacity ta kyauta take iya yi, ka fitar da shi ta wayar analog ka shigar da shi ɗaya daga layukan mabiya, ka ɗauka na minti goma. Irin wannan sauti ba ya ɓoye komai, ƙas ɗaya ma ana jin sa a fili, kuma idan ka mayar da kallon faifan zuwa hoton da yake nuna sautuka daga ƙasa zuwa sama, kowane ƙas zai fito a matsayin siririn layi a tsaye. Idan layukan suna zuwa da tazara iri ɗaya, kuma a layukan da suka zo ta dijital kaɗai suke, agogo ne. Idan kuwa suna zuwa barkatai a kan dukkan layuka, musamman lokacin da aka buɗe wata manhaja, to kwamfuta ce ta gaza, sai a ƙara girman ma'ajiyar wucin gadi ta direban saunkad daga 128 zuwa 512 ko 1,024 a sake gwadawa. Wutar janareta, wadda ake yawan zargi, ba ta sauya saurin dutsen agogo, domin bai dogara da kaɗawar wutar gari ba, amma ɗaukewar wuta tana iya mayar da wasu na'urori kan saitinsu na asali, shi ya sa ake sake dubawa duk lokacin da wuta ta dawo.

Na'urorin da ba sa bi

Na'urar CD, dikodar talabijin, ko ƙaramar na'urar karɓar Bluetooth mai fitar da S/PDIF, duk suna turo nasu agogon ne ba sa sauraron kowa. Kada a miƙa musu jagorancin situdiyo don kawai ana son sauti daga gare su, domin da zarar an kashe su ko an cire wayar komai zai tsaya. Idan kafar shigar miksarka tana da mai sauya saurin awo, wanda ake taƙaitawa da SRC, sai ka kunna shi a wannan kafar kaɗai, shi zai sake lissafa sautin ya ɗora shi a kan agogon gida. Idan babu, ka jona ta da wayar analog ka huta, asarar da za a yi ba ta kai a tsaya a kanta ba.

Haka batun yake ga saunkad biyu na USB a kwamfuta ɗaya, domin wayar USB ba ta haɗa agogonsu. A kwamfutar Mac, manhajar Audio MIDI Setup tana ba da damar a dunƙule su su zama kamar na'ura ɗaya, a zaɓi ɗaya a matsayin tushen agogo, a kunna gyaran zamewa, wato Drift Correction, ga ɗayar. Idan dukansu suna da S/PDIF ko ADAT, ya fi kyau a ja waya tsakaninsu ta biyun ta bi ta farko, sannan a kashe gyaran, tun da babu sauran zamewar da za a gyara.

Idan sautin yana bin wayar intanet

A manyan ɗakunan taro da gidajen rediyo na zamani, tsarin tura sauti na Dante na kamfanin Audinate na ƙasar Ostireliya ya maye gurbin wayoyi masu yawa da wayar sadarwar kwamfuta guda. A nan ba bugu ake turawa ba, lokaci ake rabawa ta tsarin PTP na ƙa'idar IEEE 1588, kowace na'ura ta daidaita dutsenta da shi, haka ma ƙa'idar AES67 ta 2013 take yi. Na'urorin da kansu suke zaɓen jagora, kuma idan ta mutu su zaɓi wata, amma bai kamata a bar musu zaɓin ba inda akwai wadda aka fi amincewa da ita. Ka buɗe manhajar Dante Controller, ka shiga shafin Clock Status, ka sa alama a Preferred Leader ga na'urar da ba a kashewa kuma ba a ɗaukewa daga wurin, wadda galibi babbar miksa ce. Kwamfutar da take amfani da Dante Virtual Soundcard ba ta iya zama jagora, don haka dole a sami na'ura ta gaske a cikin haɗin.

Wurin da ake faɗawa rami shi ne tsakanin miksa da katin Dante da yake cikinta, domin agogo biyu ne a akwati ɗaya. Ko dai miksar ta bi katin, a zaɓi Dante a matsayin tushen agogonta a bar Enable Sync To External a kashe, ko kuma katin ya bi miksar, a bar ta a Internal a kunna wannan zaɓi, a kuma mai da katin jagoran sauran. Idan aka zaɓi Dante a miksa sannan aka kunna bin waje a kati, zoben nan da aka ambata ya dawo ta wata ƙofa. A kan suwic ɗin da ya haɗa su kuma sai a kashe tsarin tsimin wuta da ake kira EEE, domin yana jinkirta saƙonnin lokaci, kuma kada a bi da Dante ta Wi-Fi.

Kyamara da rakoda a wurin ɗaukar fim

Nan babu wayar da ta haɗa su, don haka babu ƙas, sai dai zamewa. Bambancin kashi 10 cikin miliyan yana tara kusan kashi 36 cikin dubu na sakan a awa ɗaya, wato dab da hoto guda a tsarin 25, abin da ba ya damun gajeren fage amma yana fitowa a leɓe idan wa'azi ko taro na awa biyu aka ɗauka a jere. Lambar lokaci da ƙananan akwatuna irin su Tentacle Sync suke bayarwa tana gaya wa mai tacewa inda kowane faifai ya fara ne, ba ta tilasta wa kyamara da rakoda su yi gudu ɗaya ba. Wanda yake son wannan sai ya nemi akwatin da yake ba kyamara siginar kulle hoto, ya kuma ba rakoda agogon BNC daga tushe guda, idan kayan nasa suna da kafofin. Idan ba su da su, sai a tafa hannu a gaban kyamara a farkon ɗauka a sake tafawa a ƙarshe, mai tacewa ya daidaita tafin farko, ya auna ratar da ta bayyana a na ƙarshe, ya ja sautin ko ya matse shi daidai wannan rata.

Da zarar komai ya zauna, ka koma kan takardar da ka fara da ita, ka zagaye jagora da jan biro, ka rubuta saurin awo da tushen agogon kowace mabiya da inda toshiya take, ka manna ta a bango kusa da kayan, sannan ka liƙa ɗan tef a kan maɓallin bayan ADA8200 da makamantanta, domin irin waɗannan maɓallan hannun mai share ƙura ko mai neman kafar waya a duhu yakan ture su ba tare da ya sani ba.